Wa Zai Miƙo Mini Allura?

Shekara da shekaru ina faɗa cewa indararon mai gida yana zubo ruwa a ƙofar shagona, yana jiƙa mini katako. Mutum ɗaya ne yake saurarena, shi ma Talatar da ta wuce, bayan Azahar, aka ce mini ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tela, maƙwabcina, kai ma indararon nan bai bar ƙofarka ba. Ni na yi ta sintiri wurin mai gida har na ƙoshi da "za a duba". Kai kuwa bokiti ka tara, kana yayyafa wa kaya ruwan in za ka yi guga. Na ce wannan ragwanci ne. Ka ce, "Kafinta, rufin nasa ne, ruwan na sama ne. Abin da ke ƙirjinka kaɗai aka bar maka, shi ma kana neman ka ba su."

Ban yarda ba, har yau ban gama yarda ba.

Amma duk ranar da na shigo ina huci, ko an ɗauke wuta ina tsakar aiki, ko wani ya ce kujerar da na yi masa tana gurgunta, ba ka taɓa cewa in yi haƙuri ba. Allura da zare kake miƙo mini. "Taimaka, tsoho, idona ya tafi." Hannu na rawa zare ba ya shiga. Dole in zauna, in riƙe numfashi, in yi shiru. Kafin ya shiga, rabin masifar ta zube.

A wurin gaisuwa 'yarka ta ce mini har ka kwanta ciwo da kanka kake zura allurarka, ko tabarau babu. Ashe duk shekarun nan wayo kake mini.

'Ya'yana sun rage zuwa saboda faɗana, jikoki ɓuya suke in sun ji tarina. Kai kaɗai ka rage. Jiya an yi ruwa, na sayi allura, na zauna ni kaɗai. Zaren ya ƙi shiga. Na yi jifa da ita, na fita na zagi indararo.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sanyaya kabarinka yadda ka yi ta sanyaya ni. Allah ya ba iyalinka juriyar wannan rashi.

Ku kuma masu wucewa kuna ce mini "sai haƙuri, Baba", na ji. Ku tsaya ku amsa mini: yaya ake yinsa? Wanda ya iya ya tafi bai nuna mini ba. Ina nan ƙofar shago, ina jiran wani ya ba ni amsa.