Yadda Fuskata Ta Raba Ni da Limanci

Ni direban tirela ne a wani kamfani a Birnin Masana'antu na Biyu, nan Riyad. A lokacin ni nake jan sallah a ƙaramin masallacin sakan ɗinmu, wato gidan ma'aikata. Ni ba malami ba ne, furfura ce da ɗan karatun allo suka sa aka tura ni gaba, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin girman.

Wata Juma'a kafil ɗinmu, wato ubangidanmu na aiki, ya aiko mana da kabsa, shinkafar Larabawa, da rago sukutum. Ana buɗe tiren na zaro ido, na saki baki, abokin ɗakina ya ɗauke ni a waya. Kafin la'asar na zama sitika a guruf ɗin 'yan Najeriya. Albashi ya shiga, a tura fuskata. An ga sabuwar mota, fuskata. Har ni ma na riƙa turawa. Da wani ya tambaye ni ko a goge, na ce ai raha ce, a bari a sha dariya.

Ashe akwai wasu zauna-gari-banza a intanet da ke zana 'yan katun da jaruman fim tsirara, suna haɗa musu labarin batsa, wai barkwanci. Su suka tsinci fuskata, suka manna ta a gefen wannan ƙazanta, ido a zare, baki a sake, kamar abin da nake kallo ke nan. Ƙanin matata ne ya turo min daga Kano, yana tambaya ko ni ne.

Na bi guruf-guruf ina roƙon a goge, wasu suka amsa min da sitikar. Rannan na sallame magariba, na juyo, sai ga mutum biyu a sahun gaba sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa don dariya. Daga baya dattawan sakan suka same ni, suka ce sun san ba laifina ba ne, amma jama'a sun kasa natsuwa a bayana. Suka sa wani ɗan Sudan ya riƙa jan sallar.

Har yau abin na ci na a rai, domin waɗanda suka fara yaɗawa, da su nake cin abinci. Ɗan'uwa, in an ɗauki hotonka don dariya, ka hana tun a ɗakin, kada kara ta sa ka yi murmushi. Mai turawa kuma ya ji tsoron Allah, mutum ne mai iyali a cikin hoton nan. Ni yanzu a sahun ƙarshe nake sallah, kusa da takalma, ina sallamewa in fice.