Akawun da Ya Buga wa Ɗangoggo Takardun Yabo

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Nyanya yana neman inda za a buga masa takarda ya san Saje Dominic Wakili, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai kaurin wuya da ke zaune a rumfar kwano, gaban wata tsohuwar kwamfuta, yana bugu da yatsa biyu kamar mai jin haushin haruffan. Rumfata ta gyaran waya tana manne da tasa, shi ya sa na san labarinsa fiye da yadda shi kansa yake so.

Mutumin Kwali ne, ɗan manoman doya. Ya shiga soja yana saurayi da niyyar riƙe bindiga, sai aka lura rubutunsa yana da kyau, aka zaunar da shi a ofis. Shekara talatin da biyar yana akawun bataliya. Shi ke buga umarnin tafiya, shi ke buga rahoton shekara na hafsoshi, wato takardar da kwamanda ke rubutawa a kan kowane na ƙasa da shi.

A bakinsa na fara jin yadda sakarai ke zama janar. Ya ce idan kwamanda ya gaji da hafsa marar kan gado, korarsa aiki ne ja: sai an kafa kwamiti, sai an yi ta rubuce-rubuce, wataƙila kuma wani kawunsa da ke sama ya ƙullace ka. Hanya mai sauƙi ita ce ka cika rahotonsa da yabo, ka tura shi kwas. Ya dawo, ƙa'ida ta ce a ƙara masa girma a kai shi wani wuri. Kai ka huta, wasu kuma sun shiga uku.

Haka aka yi ta yi da wani hafsa da sojoji ke kira Ɗangoggo, saboda ko tafiyar awa biyu za a yi sai an ɗora masa katifa da fulas. Takalminsa kullum yana walƙiya, muryarsa a fareti kuwa har bayan bariki. Amma ba shi taswira ka ga ikon Allah. Sau biyu, a bataliya biyu, Saje ya buga masa rahoton da ke cewa "haziƙi ne, ya cancanci babban nauyi," alhali kwamandan da ke faɗa masa abin da zai buga yana tsaki tsakanin jimla da jimla.

Karo na uku suka haɗu a wani sansani a arewa maso gabas, Ɗangoggo ya zama kanar, babu kowa a kansa. Da damina ya ba da umarni ayarin motoci ya ratsa ta wata fadama, don a taswira ta fi kusa. Direban gaba, Kofur Manniru, ya ƙame ya ce ranka ya daɗe, motocin za su kafe. Aka ce masa ba a tambaye shi ba. Suka kafe ɗin, aka buɗe musu wuta daga cikin ciyawa, mutum tara suka mutu har da Manniru. Washegari kanar ya tsaya a kan Saje ya sa shi ya buga cewa direba ne ya saki hanya da gangan ya jefa mutane cikin halaka. Saje ya buga. Shi ɗin ne kuma ya buga umarnin bin fadamar kwana biyu kafin nan, da sa hannun kanar a ƙasa. Ɗangoggo ya tafi wani kwas, ya yi ritaya yana manjo janar, yanzu yana wani katafaren gida a Gwarinpa. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Bara, wata mata mai suna Hafsah ta zo rumfarsa a buga mata takardar koke. Za a kafa allon tunawa da sojojin da suka mutu a wani hari a bariki, an fitar da sunaye takwas, babu na mijinta. Ba ta san wanda take gabansa ba. Ina jinta tana cewa abin da take so kawai a daina nuna 'ya'yanta ana cewa ubansu ne ya kashe mutane. Da ta ambaci sunan mijin, Kofur Manniru, sai na ji bugun ya tsaya.

"Madam," in ji Saje, "ki dawo gobe. Ni na buga wannan ƙarya da hannuna."

Akawun soja na da wata al'ada da babu ita a littafin ƙa'ida. Duk takardar da ya buga sai ya yi kwafi uku, ɗaya ya tafi, ɗaya ya shiga fayil, ɗaya ya adana wa kansa, don ranar da oga zai ce bai taɓa faɗar haka ba. Saje ya hau mota zuwa Kwali, ya buɗe akwatin ƙarfe a ɗakin mahaifiyarsa, ya dawo da umarnin fadamar. Ya yi fotokofinsa, ya haɗa da shaidarsa shafi biyu, ya raka Hafsah suka miƙa wa kwamitin allon.

Ba a yi mako ba sai ga wani mai kwat ya zo a baƙar mota, ya ce shi lauyan janar ne. Ya tuna wa Saje rantsuwar riƙe sirri, ya ce tsoho irinsa bai kamata ya ƙare rayuwa a kurkuku ba. Saje bai ko ba shi kujera ba.

"Oga lauya, na yi rantsuwa zan riƙe sirrin ƙasa. Ban yi rantsuwa zan riƙe wautar Ɗangoggo ba. Ka gaya masa ni na buga shi daga kyaftin har kanar, na san abin da ke ciki. Idan kotu yake so, ina da wani kwafi, kuma ina da lokaci."

'Yan tasha suka fara taruwa, lauyan ya ga babu riba, ya shige motarsa. Na yi dariya har hawaye. Saje ya ce mini tun daga ranar fadamar bai ƙara jin numfashinsa ya kai ƙasa ba sai yau.

Kotu ba ta kira shi ba. Janar ma babu wanda ya taɓa shi, har yau ana gayyatarsa taro yana koyar da dabarun yaƙi. Amma bayan wata bakwai Hafsah ta dawo da hoto a wayarta. An ƙara suna na tara a ƙasan allon, haruffansa sun fi na sauran ƙanƙanta don wuri ya ƙare. Saje ya sa tabarau ya karanta shi harafi harafi, ya miƙa mata wayar da hannu biyu. Na zaci za ta yi godiya.

"Baba," ta ce, "shekara goma sha ɗaya takardar nan tana cikin akwatinka?"

"Tana ciki," ya ce.

"Babban ɗana ya bar makaranta saboda gori."

Bai nemi uzuri ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Ya miƙe tsaye a gabanta, ya ƙame kamar yadda kofur ke yi wa kanar, bai zauna ba har ta tsallaka titi ta shiga motar Mararaba.