Uwaisu Mai Hoto a Zauren Malam Abdulkabir

Uwaisu manomin albasa ne kafin ya zama mai hoto, kuma har yau in ka matsa kusa da jakar kyamararsa, hancinka zai ba ka shaida. A wani ƙauye yake gabas da Minjibir. Ya koyi sana'ar a shagon wani mutum a Kano, ya dawo da tsohuwar kyamara da karatu guda ɗaya da yake biya wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi: wai ɗaukar hoto ban-ruwa ne.

"Haske shi ne ruwan," in ji shi. "Idon kyamara shi ne bakin hanyar ruwa. In ka buɗe shi da faɗi, yi maza ka toshe. In ka matse shi, bar shi ya daɗe. Ko ta ina ka bi, ruwan da fangali zai sha ɗaya ne. Ya yi yawa, fuska ta wanke fat. Ya yi kaɗan, mutum ya fito kamar gindin tukunya."

Da wayoyi suka cika gari aiki ya ja baya, ya koma rabi gona rabi biki. Amma in abu mai wuya ya taso, shi ake aika wa.

Haka Tahira ta aiko masa daga Bacirawa, inda take aure. Mahaifinta, Malam Abdulkabir, ya tsufa yana karantarwa a zaure, jiki kuma ya fara ƙi. Ba shi da hoto sai na katin zaɓe, wanda ko shi bai yarda shi ne a ciki ba. Tahira na so 'ya'yanta su san fuskar kakansu. Da ƙyar Malam ya yarda, da sharaɗi: ba zai tashi daga buzunsa ba, ba za a haska masa walƙiyar kyamara ba don an yi masa aikin ido, kuma sau ɗaya za a danna.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Uwaisu ya shiga zauren ya ga duhu. Ya buɗe idon kyamara har ƙarshe, haske bai isa ba. In ya bar shi ya daɗe a buɗe kuwa, ga Malam yana karatu yana rangaji gaba da baya, hoto zai fito kamar hayaƙi. Akwai wajen ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske, amma tsohuwar tasa in an matsa mata sai hoto ya yi tsaki-tsaki.

Ya leƙo waje. Ga maƙwabta sun taru kallo, kowa da farar rigar Juma'a, rana na dukansu har ido ba ya iya kallo. Sai ya jera su a gaban ƙofa ta gefe, ya ce kowa ya baza hannun rigarsa. Alhaji Naziru, mai sayar da taki, ya gyara hula ya tsuke fuska.

"Alhaji, ƙara buɗe hannun."

"To ina kyamarar? Ka juya mini ƙeya!"

"Ai ba kai za a ɗauka ba, ranka ya daɗe. Kai ne fitila."

"Shaddar tawa? Kai Uwaisu, Allah ya shirye ka."

"Amin. Kada dai ka sauke."

Hasken ya daki rigunan ya faɗa zaure, ya kwanta a kan gemun Malam. Uwaisu ya durƙusa, ya dafa gwiwar hannu a kan gwiwarsa, ya bi karatun da kunne. Da Malam ya kai ƙarshen aya ya tsaya jan numfashi, ya danna.

Bayan kwana biyu ya kawo hoton a wanke. Tahira, wadda ta zo gida duba Malam, ta riƙe shi da hannu biyu ta duba, sannan ta miƙa wa mahaifinta. Malam ya kai shi kusa da idonsa mai kyau, ya daɗe yana dubawa.

"Ashe haka na tsufa, ba wanda ya gaya mini?" Ya mayar mata. "Kai wa yaran. Ki ce musu da na fi haka kyau."