Ranar da Baba Ya Haɗiye Maganin Yini Guda da Sahur

Duk asibitinmu babu likita mai dakakkiyar zuciya kamata, ko rufin ɗaki ne ya rufto sai na gama rubuta magani zan ɗaga kai. Haka nake gaya wa ɗalibai, suna ta gyaɗa kai. Ba su gan ni a gonar geronmu ta bayan Tsanyawa ba.

Ina shekara ta biyar a karatun likita, na zo hutu, azumi ya faɗo cikin damina. Burina a lokacin in zama likitan tiyata, har kajin Inna sun daina yarda da ni. Bayan azahar Kawu ya shigo a guje, wai Baba ya yanke jiki ya faɗi yana cikin noma.

Na tarar da shi kwance tsakanin kunyoyi, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yana surutan da ba kai. Maƙwabtan gona sun taru, kowa ya zuba mini ido, ga likita ya iso. Likita kuwa ya tsaya ƙiƙam yana rarraba ido. Duk abin da na karanta ya gudu. Kawu ya ce iska ce ta shafe shi, ya fara tofi.

Tambaya ɗaya ce ta rage a kaina, na juya wajen Inna, wadda ta biyo mu gonar.

"Inna, maganin sugansa fa, yaya yake sha da azumin nan?"

Ta ce ai Malam ba ya wasa da umarnin asibiti. An ce sau uku a rana, shi kuma ba zai ajiye azumi ba, don haka yau da sahur ya haɗa ukun ya kora da koko, ya saɓi fartanya.

Nan na gane sugan jikinsa ne ya yi ƙasa, na sa aka kawo sukari daga shagon bakin hanya, na dama da ruwa kaɗan, na riƙa shafa masa a dasashi. Can ya buɗe ido, na ɗura masa sauran. Ya tashi zaune, ya tambayi wa ya tattaka masa gero. Nan na zube a kan kunya, na yi hamdala, ina dariya hawaye na zuba.

Tun ranar wuƙa ta fita daga raina. Na koma ɓangaren cututtukan cikin jiki, inda rabin aikin tambaya ne: me ka sha, yaushe, da me ka kora.

A ranar dai, muna tafiya gida daga gonar, ina riƙe da kafaɗar Baba, ina jiran a sa mini albarka gaban jama'a. Baba ya lashi leɓe, ya dube ni.

"Wato shekara biyar ɗin nan dama sukari suke koya maka? Kuma ka karya mini azumi, la'asar ta kusa."