Surin da Aka Yi Iyaka da Shi

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu babanmu ya rasu, a ƙauyenmu kusa da Dutsi. Ni ce 'yar fari, sai ƙannena maza biyu, babban da auta. Da aka zo rabon gado na karɓi awaki da filin gida, gona kuwa aka ce a raba wa mazan. Dattawa suka duba tsakiyarta, ba bishiya, ba dutse, sai wani jan suri mai tsayin mutum. Suka ce daga suri zuwa gabas na babban ne, yamma na auta. Aka shafa fatiha.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce musu suri abu ne mai rai, ba a iyaka da shi. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa gara jikar kyankyaso ce. Kakanta wani kyankyaso ne mai cin ruɓaɓɓen itace, wanda danginsa suka rage a dazukan duwatsun Sin da Amurka, ita kuma ta bazu ƙasashen zafi tana gini inda ta ga dama. Wanda ya baro can ya iso ƙasar Daura, shi za a ce ya tsaya gadin gona? Dariya suka yi, wai boko ya sa ina haɗa gara zumunci da ƙwaron masai.

Bayan wasu shekaru uwar garar ta mutu. Ruwan sama ya yi ta cin surin har ya kwanta, garmar shanu ta bi ta kansa. Sai wani sabo ya taso can yamma, cikin kunyoyin auta. Babban ya ce dattawa suri suka ce, ga suri nan. Auta ya ce na da ake nufi. Innarmu ta yi rarrashi har muryarta ta dishe, a banza.

Ranar shuka, da hantsi, ina gidan Inna na zo gaishe ta, matar auta ta faɗo gida ba mayafi.

"Yaya, ki zo, za su kashe juna!"

Na tarar auta yana sarar sabon surin da gatari, zago, manyan garar nan masu cizo, na zubowa kamar an ɓarar da gero. Babban na tsaye da sungumi, idonsa jawur.

"Ka ƙara sara ɗaya, wallahi sai na kwantar da kai a nan!"

"Gonata ce, ba ta ubanka kai kaɗai ba!"

Ya ƙara saran. Babban ya kai masa ƙotar sungumi a haƙarƙari, auta ya yar da gatari ya rungume shi, suka zube a kan ɓaraguzan surin. Auta ya cije masa kunne har ya tsinke gefe. Na shiga tsakani ina zagin su duka, gwiwar hannun wani ta same ni a baki, na tofar da haƙori. Kafin in miƙe babban ya rarumi sungumin, wannan karon da bakin ƙarfen. Auta ya kare kansa da hannun dama. Na ji ƙarar ƙashin, kamar an taka busasshen kara.

Jini ya riƙa tsartuwa. Na yage zanena na ɗaure masa damtse, zago na hawa cikin raunin suna cizo, ina fizge su da yatsu ina kuka. Babban ya tsaya yana kallon sungumin kamar wani ne ya ba shi riƙo. A ranar na tsane shi, ba zan ɓoye ba.

Hannun bai sake moruwa ba, ya shanye. A kotu alƙali ya ce hakkin auta ne, ko ya nemi diyya ko ya yafe. Inna ta durƙusa a gaban auta, ɗan da ta haifa, ta kama ƙafarsa. Ya daɗe yana kallon ta.

"Inna, tashi. Na yafe don ke. Amma daga yau ba ni da wa."

Aka kafa ƙarfe a iyakar, kowa ya ja baya da shukarsa. Auta ya koyi cin tuwo da hagu. Inna ta yi ta aika ni wurin wannan da wancan, wai ko su zo su zauna mata a tabarma ɗaya, har cutar ajali ta kwantar da ita. Kowa ya zo duba ta, amma sai ya tabbata takalmin ɗayan ba ya ƙofar ɗaki.

Da aka fita da gawarta na tambayi maigidana ko sun tsaya sahu ɗaya. Ya ce sun tsaya. Sai dai auta ya jawo wani baƙo mai wucewa, ya tsayar da shi a tsakaninsu, sannan ya yi kabbara.