Mai Zanen Gawayi na Argungu

Innarmu ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko ranar aurena, da mai hoto ya matso, mayafi ta ja ta rufe fuska. Bayan rasuwarta ban ɗauki wannan a bakin komai ba, sai ranar da ɗiyata ta tambaye ni kamannin kakarta. Muryar Inna na nan a kunnena, amma fuskar ta fara ɓace mini.

A lokacin ina aikin gwamnati a Birnin Kebbi, ina zaune a Gwadangaji, nakan je Argungu ranar Asabar in gaida kawuna, ƙanen Inna. Wata Asabar ina sauka daga mota wani mutum ya sha gabana. Dogo ne siriri, sanye da kwat mai kauri a tsakiyar bazara, aljihunsa cike da gawayi, yatsunsa baƙi ƙirin. Ya ƙura mini ido har na tsargu.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Wagga huska ba taka ba ta kai ɗai. Rabinta na mace na. Tana da rai?"

Na ce ta rasu. Ya yi mata addu'a, ya wuce abinsa.

Da na ba kawu labari, ya yi dariya ya ce ai kowa ya san shi. Mai zane ne, wasu na cewa yana da taɓin hankali. Ba ya sayen gawayi sai ya ɗanɗana shi da harshe. Yana gaida awaki a hanya, ya tambaye su gajiya. Kuma ba ya zana mutum sai sun ci abinci a kwano ɗaya.

Na same shi a wani ɗaki bayan kasuwa. Bangon cike yake da fuskoki a kan takardar buhun siminti: masunta, 'yan acaba, wata tsohuwa mai sayar da albasa. Ka rantse za su yi magana. Na ce ina son ya zana mini wadda bai taɓa gani ba. Ya ce in kai shi wurin danginta.

Kawu bai so ba da farko, yana ganin abin da nauyi a addini, amma ya ga halin da nake ciki ya ƙyale. Na ɗauko ɗiyata daga Birni, muka ci tuwon shinkafa da mai zanen a zauren kawu. Mai zanen bai tambayi tsawon hancinta ko hasken fatarta ba. Tambayarsa ita ce da wane gefe take tauna goro, kuma in tana faɗa, mutum take kallo ko ƙasa. Mun yi ta ba shi amsa, har kawu ya shiga labarin ƙuruciyarsu da ban taɓa ji ba.

Sannan ya fara. Ya ɗauki goshi a wurina, baki a wurin kawu, idanu a wurin yarinyar. Yana goga gawayin da babban yatsa, inda yake son haske ya ɗauke baƙin da tsokar burodi. Bayan la'asar ya juyo da takardar.

Kawu ya kalla, ya ce, "Yaya," da wata murya irin ta ƙaramin yaro. Ya miƙe ya shiga cikin gida, bai sake fitowa ba har muka tafi. Inna ce a takardar, har da ɗan tsuke bakin da take yi in tana danne dariya.

Daga nan duk zuwana Argungu sai na biya ta wurinsa da ɗan soyayyen kifi. Wata rana na tambaye shi ko ya taɓa zana wani nasa. Ya jawo wasu takardu daga ƙarƙashin tabarma. A kowace akwai kallabi da kunnuwa da wuya, tsakiyar kuma ba komai. Matarsa ce. Kwalekwale ya kife da su a gulbi suna dawowa daga fadamar shinkafa, shi ya fita, ita ba ta fita ba.

Ya ce, "Malam, na zana rabin garin ga, ita ta ƙi hitowa. Da na ɗora gawayi, ruwa nika gani."

Muka ci gaba da cin kifinmu.

Zazzaɓi ya kwantar da shi a wata damina da aiki ya hana ni zuwa. Ko da labari ya iso gare ni, an riga an kai shi. Na je ta'aziyya na tarar da ɗakin an share, bangon fayau. Yayansa ya tattara takardun duka ya ƙone, don a ganinsa su ne suka taɓa masa ƙane. Ban yi masa gardama ba, shi ma idanunsa jajur suke. Na zauna a tabarma cikin masu gaisuwa, wani dattijo ya tambaye ni ko ni ɗan'uwa ne. Na ce a'a, abokinsa ne. Ya dube ni da mamaki, ya ce bai san yana da aboki ba.