Cajar Alhaji

Ina tsaye a kasuwar Black Market ta unguwar Adjamé, ina neman cajar da ba za ta kashe min waya ba, sai idona ya faɗa kansa. Dattijo ne mai furfura a gemu, shaddarsa tana ƙyalli. Yana sakace haƙori da tsinken ashana a bayan tebur cike da cajoji, shafal kamar ɓawon gyaɗa. Ina zaton a unguwarsu shi ake kira ya sasanta rigima.

Wata mata tana miƙa masa caja narkakkiya, baƙa ƙirin.

"Alhaji, ta ƙona min katifa. 'Yata Mubina na kwance a kai, har yanzu hannunta a naɗe yake."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Wutar lantarkin unguwarku ta Arras ce ba ta da kyau, Hajiya, ba kayana ba."

Ya tura mata wata irinta sak.

Matar ta nuna wata mai kauri da ke jone da wayarsa. "To ba ni irin wannan, ko nawa ce."

Ya dafe ta da tafin hannu.

"Wannan tawa ce. Ni ma ina da yara a gida."